Motar Baba ta Ci Mayafi

Duk wanda ya ce muku Yaya Ƙasimu mahaukaci ne bai yi masa adalci ba, don shi mahaukaci yakan gaji ya zauna. Wannan wan nawa, tun da na buɗe ido na gan shi a gidanmu na Ƙofar Gayan, ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Agogo ya tsaya, shi ne. Rijiya ta ƙafe, shi ne. Akuya ta ƙi cin dusa, zai faɗa maka sunan ciwon da Turanci. Aikin sito ya yi a wata ma'aikata har ya yi ritaya, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi. Ni ce autarsu, Batul, kuma abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Ina cikin motar, mayafina ma yana cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar Fijo mai dogon baya, fara ce a da, yanzu ta koma kalar kunun kanwa. Da aka zo rabon gado ba a taɓa ta ba, aka bar ta a hannun Yaya Ƙasimu a kan ta zama motar gida, ta biki da suna da gaisuwar mutuwa da kai mara lafiya asibiti. Kuma tsakani da Allah yana son motar nan. Ba ya karyawa sai ya wanke ta. In yaro ya jingina da ita, ranar uwarsa sai ta ji a jikinta. Matarsa Hussaina takan ce da ita ake shafawa da tsumma haka kullum, da har yau tana ɗaukar ido.

Abin da ya jawo fitinar, wani suna ne muka je a ƙauye bayan ganuwa. A hanyar dawowa akwai ɗan tudu, tudun da jaki da kaya yake hawa yana gyangyaɗi. Motar Baba ta kai rabi ta yi tari, ta yi shiru, ta fara komawa da baya. Mu mata shida muka fito cikin leshi da gwala-gwalai muna turi. A cikinmu har da Yaya Asabe, babbarmu, hajiya mai jiki, wadda tun rasuwar iyayenmu in ta yi magana a gidan nan ko ƙuda ba ya ƙara tashi. Takalminta ya tsinke, masu noma suka ajiye fartanya suna kallo. Sai da muka iso zaure, sannan ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu ta ce:

"Ƙasimu, lefen Muntasir ya matso. Maraya ne, ɗan marigayi ɗan'uwanmu Sadiƙu ne, ba zan ji kunya a gidan amarya a Ƙofar Kibo ba. In motar nan ta mutu da mu a hanya ranar, wallahi washegari 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta."

Yaya Asabe kuwa in ta ce wallahi, to an gama. Kowa ya san haka, shi ma ya sani, shi ya sa dariyar da ya yi ta fito masa a karkace. Ya ce motar ba tsufa ke damunta ba, iska ce ba ta isar ta. Yaya Asabe ta ce ita ma a kan tudun nan iskar ba ta ishe ta ba, ta shige ciki.

Mai hankali da bakanike zai nema. Shi ya ce bakanikan Zariya duk ɗalibansa ne da ba su gama karatu ba. Ya duƙufa a waya, yana kallon Turawa suna kwance injuna, har ya gano wani abu wai shi sufacaja. Ya zo har ɗakina, don gidan mijina katanga ɗaya muke da gidanmu, ya zauna ya yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Wai wata fanka ce da ake ɗaura wa inji da bel, tana tura masa iska da ƙarfin tsiya, wuta ta ƙara ci, tsohuwar mota ta koma budurwa. Na tambaye shi kuɗinta. Ya ce ya tambaya a Kaduna, abin da aka faɗa masa ya fi kuɗin motar har da mai ita a ciki, amma wannan ai na wawaye ne. Me ake nufi da tura wa wuta iska? Zuga-zugi ke nan. Maƙeran Zazzau suna yi tun Bature yana yawo da fata. Kwafa suka yi suka canja suna, shi kuwa ba zai sayi kayan kakansa a hannun baƙo ba.

Na ce Allah ya ba da sa'a. A raina na ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Washegari sai ga shi da amalanke. Ya je wurin Nasidi maƙeri, mai zuba tukwanen dalma, ya ba shi mataccen firijinsu ya karɓo tsohuwar fankar da yake zuga wuta da ita. Abu ne mai siffar katantanwa, baƙi ƙirin, da kyar mutum biyu suka sauke shi. Nasidi ya biyo shi har gida, ba don taimako ba, ya ce shi dai yana so ya ga inda fankarsa za ta ƙare. Aka kira mai walda aka liƙa ta a gefen inji. Saura bel. Yaya Ƙasimu ya auna da igiya, ya zagaya gida, idonsa ya faɗa kan injin markaɗen Hussaina.

Da asuba matan layi suka yi sahu da roba-robar wake, masu ƙosai da masu alale, Hussaina ta ja inji ya tashi yana ihu amma dutse ko motsi. Ta duba, babu bel. Ba ta tambayi kowa ba, ta nufi ƙofar gida da ludayi a hannu. Ya ce mata aro ya yi, kuma ta yi haƙuri, ana maganar ci gaban ƙasa tana maganar ƙosai. Ta ce ci gaban ƙasar ne zai ci da rana, don ba ta ɗora tukunya ba. Ranar unguwarmu koko aka sha gaya, kuma duk wanda ya kurɓa sai ya ambaci sunan Yaya Ƙasimu, ba da alheri ba.

Murfin inji ya ƙi rufuwa saboda katantanwar ta yi tsayi. Ya ce dama manyan motocin tsere ba sa rufe baki, ya ɗaure shi da robar tayar keke. Ya samo tiyo mai kauri na masu tankar ruwa, ya yanka shi biyu, ya haɗa ɗaya daga fanka zuwa kafireta, ɗayan kuma, wanda zai shaƙo iska, ya sako shi ta gaba yana reto kusa da ƙasa. Matatar iska ya cire ta ya ajiye, wai ita ce munafukar da ke tare wa inji numfashi tun zamanin Baba.

Gwajin farko bayan azahar aka yi, majalisa ta cika har da waɗanda ba sa gaisawa da shi. Ya shiga, ya gyara hula, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Motar ta tashi. Da ya taka totur sai fankar nan ta saki wata irin ƙara, siririya mai tsawo, tana karkarwa. Ni ina tsakar gida na saki tsintsiya, don na rantse guɗa ce. Kafin ka ce me, mata sun leƙo ta kowace ƙofa suna tambayar wa aka kawo, wa ta haihu. Wata tsohuwa har da ɗaura sabon zani. Yaya Ƙasimu ya leƙo ta taga yana washe baki, ya ce wa majalisa su saurara da kyau, wannan kukan doki ɗari ne a cikin inji ɗaya. Nasidi ya ce shi dai a wurinsa ba ta taɓa yin wannan kukan ba, ƙila kewar gida take yi.

Sai ya saka giya don ya zagaya layi. A ƙofar gidan da ke kallon namu an shanya dakakken barkono a tabarma, na mai yajin sayarwa. Motar ta bi ta gefen tabarmar, tiyon nan da ke reto ya sunkuya ya yi zuuu, tabarma ta koma fes kamar an share. Injin ya yi wani gurnani, ya yi atishawa, sai ga jan hayaƙi ta salansa, wani kuma ta ƙarƙashin murfi. Wayyo, jama'a! Ban taɓa ganin dattawa sun yi gudu irin na ranar ba. Mai unguwa ya bar takalmi, ladan ya bar carbi, Nasidi yana tari yana dariya yana hawaye har ya rungumi bishiyar dalbejiya. Kaji suka bi ta kan katanga. Da la'asar ladan ya zo kiran salla, ya ɗaga murya sai atishawa, sai da wani ya karɓe shi.

Mai yaji ta aiko a faɗa masa ba ta yafe ba. Mai unguwa ya aiko a faɗa masa in ya ƙara tayar da abin nan a layi zai kai maganar gaba. Shi kuwa ya fito da idanu jawur ya ce gwaji ya yi kyau, ai kowa ya ga ƙarfin zuƙa, kuma da Turawa ne suka ga haka da tuni sun turo a ɗauke shi a jirgi. Matsalar ɗaya ce tak, iskar titin Zariya ba ta da tsabta. Inji mai daraja irin wannan ba zai shaƙi abin da akuya ke shaƙa ba.

A nan ne dabarar da ta kashe mu ta zo masa. Ina iska mai tsabta take? Cikin mota, inda mutane suke. Ya cire murfin ɗan akwatin nan na gaban mai zaman banza, inda Baba yake ajiye goro, ya huda bayansa, ya zuro bakin tiyon ta ciki. Ya zama bakin tiyo yana kallon kujerar gaba, a buɗe, faɗinsa ya kai bakin kofin silba. Ya fita da ita bayan ganuwa ya gwada, shi kaɗai, ba kowa a gefensa. Kuma abin haushi, ta yi gudu. Ya dawo yana cewa ya hau tudun nan na ranar suna a giya ta uku, har wani mai babur ya sara masa. Daga ranar ba a ƙara shan iska a majalisa ba. Ya ce masu sababbin motoci su zo a gwada. Ya ce zai buɗe gareji, ya sa masa suna, ya ɗauki Nasidi aiki in ya nutsu. Ya aika wa Yaya Asabe cewa ranar lefe ta riƙe ɗankwalinta da kyau. Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a duk watan, kuma bai san ya faɗe ta ba.

Ranar kai lefe, bayan la'asar, aka fito da akwatuna. Duk wanda ya san gidanmu ya san yadda Yaya Asabe ta wahala a kan lefen nan, don kada a ce maraya ne aka yi masa na maraya. Ita ta zaɓi kowane zani, kowane leshi da takalminsa da jakarsa da mayafinsa, ta jera da hannunta ta rufe. A al'adarmu kuwa akwatin lefe in an rufe shi a gidan ango, ba mai buɗe shi sai dangin amarya, a gaban jama'a. Buɗe shi a hanya abin kunya ne, sai a ce an rage wani abu ko an canja. Aka loda manya a baya, ɗaya aka ɗora mana a cinya ni da Gwaggo Zainab, ƙanwar Baba, wadda ita ce mai guɗar gidanmu. Sauran mata suka shiga Keke Napep biyu za su biyo mu. Yaya Asabe, a matsayinta na babba, ta shiga gaba. Ta sha wani mayafi shara-shara mai duwatsu da ta sayo a Makka, dogo har ƙasa, ta maƙale shi da ɗankwali da allura don kada ya zame.

Ta ga ramin da ke gabanta ta tambayi mene ne. Ya ce na'urar sanyaya mota ce ta zamani. Sannan ya ce kowa ya ɗaga gilashi, kada ƙurar waje ta ɓata wa inji iska. Muka rufe, ga zafi, ga humra, ga turaren wuta da muka sha, har Gwaggo Zainab ta ce in mutuwa za a yi a faɗa mata ta yi kalmar shahada tun da wuri.

A cikin lungunanmu lafiya lau, don ba wurin gudu, sai dai fankar tana ta 'yar guɗarta ƙasa-ƙasa. Gwaggo Zainab ta buɗe baki za ta rangaɗa tata ta fita daga gida, motar ta riga ta, ta kuma fi ta tsawon numfashi. Gwaggo ta rufe baki ta ce shekara arba'in tana wannan aiki, yau ƙarfe ya karɓe mata sana'a. Na lura gefen mayafin Yaya Asabe yana ɗan kaɗawa yana nufin ramin, kamar ana kiransa. Na buɗe baki zan yi magana, sai muka fito babban titi, Yaya Ƙasimu ya ga fili, ya ga majalisar wasu da suka taɓa yi masa dariya, ya gyara zama.

"Yaya Hajiya, yau za ki san abin da Baba ya bar mana," in ji shi, ya taka totur har ƙasa.

Motar ta zabura, akwatin da ke cinyarmu ya daki ƙirjina. Ledar goron Yaya Asabe ce ta fara tafiya, fit, ta shige ramin. Hankicinta ya bi. Ta sunkuya ta ga ina suka shiga, sai bakin mayafin ya samu hanya. Ban taɓa ganin an ci tuwo da sauri irin yadda tiyon nan ya ci mayafin Makka ba. Yaya Asabe ta kama da hannu biyu tana ja, mota tana ja, tana salati, tana dukan Yaya Ƙasimu da gwiwar hannu. Shi kuma maimakon ya ɗaga ƙafa sai ya ruɗe ya ƙara takawa, yana cewa ta saki, ta saki, zai fito ta baya. Allah ya taimaka ba a wuya ta naɗa shi ba. Allurar ta riƙe amanarta, mayafi ya tafi da ɗankwali gaba ɗaya, sai ga kan Yaya Asabe a waje, furfura fara fat, kitso rabi an yi rabi ba a yi ba, don mai kitson ta yi mata alkawarin ƙarasawa ranar ɗaurin aure.

Ni da tausayi na cire nawa mayafin na jefa mata ta rufa. Ko kanta bai taɓa ba, tiyon ya cafke shi a sama. Na juya wurin Gwaggo Zainab, ta riƙe hijabinta da hannu biyu da haƙori, ta ce ita ƙarƙashin nata ba ɗankwali, kuma mota ta ci sana'arta ba za ta ci mutuncinta ba.

Duk wannan muna tafe, motar tana rangaɗa guɗar da ba a taɓa ji ba a birnin Zazzau, Keke Napep ɗin sun ɓace a baya. Muka shiga Ƙofar Kibo a haka. Dangin amarya da ke jiranmu suka ji guɗa tun daga nesa, suka ce ga 'yan lefe nan da babbar mai guɗa, mata suka fito ƙofar gida, maza na zaune a dakalin masallaci suka miƙe. Daidai bakin layin, a gaban kowa, injin ya shaƙe. Ya yi gum, ya yi wata ƙara kamar an fasa tulu, bel ɗin Hussaina ya tsinke ya daki murfi, salansa ta tofar da hayaƙi mai warin ƙonannen tsumma. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya, ta yi shiru. Daga inda ta tsaya ana hango ƙofar gidan amarya.

Yaya Asabe ta nutse ƙasan kujera, da jikinta da komai, ta rufe kai da jakar hannu. Maza suka taso za su taimaka da turi, har da baffannin amarya da manyan riguna. Yaya Ƙasimu ya fita da sauri ya tare su yana cewa ba komai, inji ne yake hutawa, haka na zamani suke. Suna ta matsowa. Sai na ji muryar Yaya Asabe daga ƙasa, a hankali, irin muryar da ban taɓa ji daga bakinta ba:

"Batul, buɗe akwatin."

Na ce Yaya, lefe ne fa. Ta ce ta sani, ita ta rufe shi. Na ja zif ɗin. Abin da ke sama shi na zaro, mayafi ruwan zuma, mafi tsada a cikin kayan, abokin babban leshin da aka ɗora a kai don shi za a fara gani. Ta yafa, ta tashi zaune, ta gyara fuska, ta buɗe ƙofa ta fito tana amsa gaisuwa kamar daga jirgi ta sauko. Ni na fito da ɗankwali kawai kamar 'yar aiki. Samarin layin suka ɗauki akwatuna a ka muka shiga.

An karɓe mu da mutunci, ba laifi, an kawo lemo da cincin. Aka baje tabarma a tsakar gida, mata sun cika har kan katanga. Gwaggon amarya, Hajiya Sailuba, wata siririya mai tabarau da idon ganin ƙwaƙwaf, ita ce mai buɗe kaya. Ta jawo akwatin da ke cinyarmu, ta ga zif bai rufe daidai ba, ta dube mu. Ta ɗaga babban leshin aka yi shewa. Ta ɗaga takalminsa, ta ɗaga jakarsa. Ta laluba, ta sake lalubawa. Sannan ta ɗago kai a hankali ta sauke tabarau a kan Yaya Asabe, wadda ke zaune ruwan zuma tun daga kai har kafaɗa, ga takardar shago tana reto a bayan kunnenta.

"Hajiya," in ji ta, "amaryar ce ta iso da kanta, ko gwada mana ake yi mu ga yadda zai zauna?"

Wata daga kan katanga ta fashe da dariya, shi ke nan kowa ya samu hanya. Yaya Asabe, wadda ba a taɓa mayar mata da magana ba, ta gyara zaman mayafin. Da kyar ta ce a gidanmu ba ma ba wa amarya abin da ba mu tabbatar da ingancinsa ba. Hajiya Sailuba ta ce madalla, to takalmin ma a gwada, kada ya matse yarinya. Gwaggo Zainab, da ba ta iya riƙe magana, ta ce ai mota ce ta cinye na Hajiya, da na Batul, da goro. Aka ce mota? Sai mata suka kwasa zuwa zaure don su gani da idonsu.

Abin da suka tarar ya fi wanda suka baro. Yaya Ƙasimu ya kwance robar taya ya ɗaga murfi, maza sun kewaye shi, yana zaro mayafin Makka daga cikin katantanwar tsumma-tsumma, baƙi da mai, duwatsun suna zuba a ƙasa yara suna tsinta. Kuma bakinsa bai mutu ba. Yana gaya wa baffannin amarya cewa su duba ƙarfin zuƙa, mayafi biyu da ɗankwali cikin ƙiftawar ido, wace mota ce a Zariya za ta iya? Wani dattijo ya tambaye shi ko tana cin babbar riga, don ya ja da baya. A ƙarshe dangin amarya ne suka ara wa Yaya Asabe hijabi, aka ninke ruwan zuma aka mayar akwati da warin humrarta a jiki. Muka koma gida a Keke Napep. Motar kuwa samarin Ƙofar Kibo ne suka turo ta har Ƙofar Gayan, Yaya Ƙasimu yana riƙe da sitiyari, yara na binsu suna guɗa.

Auren bai fasu ba, alhamdu lillahi, mutanen kirki ne, sai dai har yau a can gidan Hajiya Amarya suke kiran Yaya Asabe. Amma wallahinta yana nan. Washegari da hantsi ta iso da Dogara mai gwangwan da motar janwe a bayansa. Yaya Ƙasimu ya fito ya fara shari'a. Ya ce sharaɗin shi ne in ta mutu a hanya, ita kuwa ta kai layin, kuma ba mutuwa ta yi ba, shaƙe ta aka yi, kuma kowa ya san mayafin wa ya shaƙe ta. Ya ce a ba shi mako guda ya sa raga a bakin tiyo. Ya ce a tuna motar Baba ce. Yaya Asabe ta miƙa hannu kawai. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi majalisa, kowa ya kama kallon ƙasa. Ya daɗe yana lalube a aljihu kamar bai san inda makullin yake ba, sannan ya ɗora mata a tafin hannu.

A nan dariyata ta ƙare, don na ga garin neman gira ya rasa ido. Ya roƙi Dogara ya dakata, ya shiga gida ya ɗebo ruwa a bokiti, ya wanke ta tas, har tayoyi, Dogara yana cewa Malam ai yanka ta za a yi. Bai kula shi ba. Aka ɗaure ta da sarƙa aka ɗaga gabanta. Yaya Asabe ta shige zaure tun kafin a ja, na ji tana fyace hanci a ciki.

Direban janwen yaro ne mai zafin ƙafa. Yana fita daga lungu ya samu titi, ya taka, motar Baba ta bi shi a guje tana tsalle, murfinta yana kaɗawa, ta wuce mai babur, ta wuce Keke Napep, ta nufi ƙofar gari. Yaya Ƙasimu yana tsaye a tsakiyar titi da bokiti a hannu, hawaye na bin gemunsa. Ya juyo wurin majalisa ya nuna ta da yatsa.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Ban ce muku tana da gudu ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Nasidi ya ce ƙwarai kuwa, Malam Ƙasimu, mun gani, ya matsa ya ba shi wuri a kan benci.